Umarni Ɗaya, Kwamfuta Ɗari

Ɗalibin da ya tashi daga Shahuci, cikin birnin Kano, zuwa zauren jarrabawar JAMB, makomarsa tana hannun wata na'ura da ba ya gani. Tun 2015 da kwamfuta zalla ake yin wannan jarrabawa, kuma tambayoyi da amsoshi suna bi ne ta babbar kwamfuta mai rarraba aiki, wadda ake kira saba.

A watan Mayun 2025, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana cewa wani gyaran manhaja bai isa ga wasu sabobi ba. Saboda haka aka nemi ɗalibai 379,997 na cibiyoyi 157, a Legas da kudu maso gabas, su sake jarrabawa.

Ɗan Adam ajizi ne. Mai saita na'urori ɗari da hannu yana iya tsallake ɗaya. Shi ya sa injiniyoyi ke rubuta saitin da harshen kwamfuta na gama-gari, kamar Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ko Ruby, wanda manhajar Chef ke amfani da shi tun 2009. Umarnin yakan ce: bi kowace saba, duba ko gyaran yana nan, in babu saka shi, sannan kawo rahoto.

Sai dai fa a kula: kuskuren da aka rubuta shi ma haka zai game dukkan na'urorin. Don haka akan fara gwaji kan saba ɗaya tukuna. Rigakafi dai ya fi magani.