Awon Hantar Kare Mai Lafiya Ta Hanyar Hoto

Gabatarwa

Mahauci a kasuwar Dutse yana gane hanta mai cuta da ido, domin ya saba ganin lafiyayya kullum. Likitan dabbobi kuwa dabba mai rai ake kawo masa, saboda haka sai ya nemi hanyar ganin cikinta ba tare da wuƙa ba. Wannan bayani zai nuna yadda ake auna hantar kare ta hoto, da kuma dalilin da ya sa ake fara awon daga lafiyayyun karnuka.

Matsayin Hanta

Hanta tana kwance a gaban ciki, a bayan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, haƙarƙari ya lulluɓe mafi yawanta. Ita ke tace guba daga jini, ta sarrafa abinci, ta kuma samar da ruwan maɗaciya. Takan kumbura saboda ciwon zuciya ko ƙari ko ciwon sukari, takan kuma ƙanƙance idan ta daɗe da lalacewa. A unguwanni irin su Takur da ƙauyukan da ke kewaye da Dutse, ragowar tuwo da dusa ake ba karnukan gadi da na farauta. Idan hatsi ko gyaɗa suka yi fumfuna, gubar da ke cikinsu hanta take fara kamawa.

Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ita ce hoton ƙashi, wanda ya samo asali daga hasken da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Ana kwantar da kare a gefensa a ɗauki hoto, sai likita ya duba ko bakin hanta ya zarce haƙarƙarin ƙarshe sosai, da ko ta tura tumbi baya. Tun da karnuka sun bambanta a girma, ba a dogara da santimita kaɗai. Ana kwatanta tsawon hanta da tsawon gaɓa ta 11 daga cikin gaɓoɓi 13 na ƙashin bayan ƙirjin karen.

Hanya ta biyu ita ce sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Na'urar tana aika sautin da kunnen mutum ba ya ji, ya daki hanta ya dawo, kwamfuta ta mayar da amon hoto. Kafin a yi, akan hana kare abinci na wasu sa'o'i, a aske gashin cikinsa, a shafa man da ke taimaka wa sautin shiga. Wannan hanya tana nuna kaurin hanta da yanayin namanta.

Me Ya Sa Lafiyayyu?

Ba a cewa abu ya kumbura sai an san girmansa na asali. Hantar kwikwiyo, idan aka kwatanta da jikinsa, ta fi ta babban kare. Kare mai zurfin ƙirji, kamar yawancin karnukan farautar ƙasar Hausa, hantarsa takan ɓuya a ƙarƙashin haƙarƙari har a zaci ta ƙanƙance. Idan aka auna shi da ma'aunin da aka samo daga gajerun karnukan Turai masu faɗin ƙirji, ana iya ɗora masa cutar da ba shi da ita, mai shi ya yi asarar kuɗin magani. Wannan ne ya sa ya dace asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su riƙa tara awon karnukan gida masu lafiya.

Kammalawa

An ga cewa awon hanta kwatance ne, ko dai da ƙashin jikin karen, ko da takwarorinsa masu lafiya, kuma dole a yi la'akari da shekaru da ƙirar jiki. Malamin da zai koyar da wannan darasi ya fara da abin da ɗalibai suka sani, wato hantar da suke gani a teburin mahauci, sannan ya kai su ga wadda sai na'ura ke nunawa.