Daga Bayan Jaki Zuwa Kujerar Hayis: Tarihin Motar Haya A Kafin Hausa

Ranar da kika je tashar Kafin Hausa da goyo a baya, ɗan kamasho yana kiran "Haɗeja! Dutse! saura mutum ɗaya!", kin taɓa tambayar kanki yadda kakanninmu mata suke yin wannan tafiya? Zo mu waiwaya, domin tarihin motar haya tarihinmu ne mu mata: da ita muke sada zumunci, da ita muke kai mara lafiya asibiti.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ce a zamaninsu mace ba ta zuwa ganin gida sai kaka ta yi, a ɗora ta a jaki ko ta taka da ƙafa, a kwana a hanya. Ƙarfen da ya fara kusantar yankinmu jirgin ƙasa ne. A 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori, amma gyaɗa aka fi yi dominta. Su ma manyan motocin katako da suka biyo baya kayan amfanin gona suke ɗauka. Fasinja a kan buhuna yake zama, ƙura ta rufe shi, in damina ta sauka mota ta kafe a taɓo.

Sauyi ya zo da kuɗin man fetur na shekarun 1970. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, a 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda har yau take tsara layin lodi a tashoshi. Akori-kura ta kama hanyoyin ƙauye a ranakun kasuwa, daga baya Hayis da J5 suka shigo. A karon farko mace ta samu kujerar zama da rufi a kanta. A 1988 kuma aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa.

Har zuwa lokacin, hanyar kowa Kano ce, domin a jihar Kano muke. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, sai akalar motoci ta juya. Mai neman takarda, mai bin fansho, mai jinya, duk suka koma lodin Dutse. Da aka kafa jami'ar jiha a nan Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, sai garin da ake barinsa ya zama garin da ake zuwa. Ƙananan motoci irin su Golf da Sharon suka yawaita, saboda sun fi bas saurin cika, ko da yake matsin da ake sha a ciki ke ma shaida ce.

To amma 'yar'uwa, samuwar mota daban, samun hawanta daban. Ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi da dama a Jigawa, ƙaramar hukumarmu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. A Islamiyyarmu na ga matan da suka daina zuwa awon ciki, aka kuma bar gaisuwar mutuwa a waya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne naƙudar dare. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, jini kuwa ba ya jiran fasinja. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa tana yi wa masu yoyon fitsari aiki. Doguwar naƙuda ce kan gaba wajen jawo wannan lalura, jinkirin isa asibiti kuma na daga cikin abin da ke tsawaita ta.

Don haka ga shawarata. Da zarar ciki ya shiga wata bakwai, ki zauna da maigida ku ware kuɗin shatar mota, ko da daga adashi ne, kada a taɓa su ko don hidimar suna. Ya nemi lambar direba amintacce guda biyu a unguwa, ya kuma bar izinin fita tun da wuri, ko da ba ya gari. In tafiyar zumunci ce, ki yi sammako, kada ki yarda a cusa yaro kusa da ƙofa, ki koya wa yara addu'ar hawa abin hawa.

Kakanninmu sun rasa mota. Mu mun same ta, saura tanadi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.