Cikin aboboya guda: nawa ne itace, nawa ne iska?

A Zangon Kumasi ba a sayen itacen girki da sikeli. Mai koko da ƙosai a Aboabo dami-dami take saye, mai gidan burodi a Asawase kuwa cikin aboboya yake cewa a kawo masa, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya. Cinikin duk na ido ne. "Hajiya, ai maƙil na ciko miki," in ji direba, ita kuma ta jera a rumfa ta ga bai kai inda na wancan makon ya kai ba.

Ba lalle ne an cuce ta ba. Itacen da aka watsa a bodi yana tokare juna, ya bar rami nan, kogo can. Ko an jera shi tsaf, kusan kashi ɗaya cikin uku na jerin iska ce, in kuwa karkatattun rassa ne abin ya kan doshi rabi. A Amurka ma'aunin itace shi ne kod: jeri mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4, wato kubik ƙafa 128. Amma a jihar Maine, in watsa gajerun faskare aka yi ba jerawa ba, doka ta ce sai sun kai 180 kafin a kira su kod. Ratar da ke tsakani, ita ce Hajiya ke nema a rumfarta.

Lissafin rumfa ba wuya. Mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, in jeri ya tashi mita ɗaya da rabi, ta ci kubik mita 3. Kada dai a cika har jinka ko a manna da bango, domin daminar Kumasi biyu ce a shekara, kuma itacen da bai sha iska ba hayaƙi kawai zai yi.

Sai maganar ruwa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, busasshe kuwa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Mai ɗaga dami ya ji nauyi ya yi murna, wataƙila ruwa ya saya. A gwara faskare biyu: busasshe ƙara yake yi ƙwal, ɗanye kuwa dum.

Iri ma da magana. Ragowar katakon da ake kwasowa daga Sokoban, musamman na bishiyar da Asantawa ke kira wawa (sunan ya dace da kunnen Bahaushe), bal yake kamawa ya cinye tun wake bai yi laushi ba. Kirya da marke na arewa kuwa sai su kwana da garwashi.

Wata mai tuwo da na sani ta ja layi da gawayi a bangon rumfarta. Ba ta biyan direba sai yaranta sun gama jerawa.