Wuƙa A Ƙugu, Shari'a Da Turanci: Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara A Kurmi

Duk wanda ya zauna cikin 'yan Arewa a Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu ya san irin wannan labari. Gardama ta haɗa mahauci ko mai gadi da wani a kasuwa, an kai ga dambe, 'yan sanda sun zo sun sami wuƙa a jikin mutumin namu. Kafin 'yan'uwa su gama shawara an kai shi gaban Majistare da laifi biyu, duka da riƙe makami, an ɗaure shi. Daga nan sai jama'a su ce ƙaddara ce, su koma harkokinsu. To, hukuncin Majistare ba shi ne ƙarshen magana ba, amma lokaci ba ya jira.

Da farko a sani dokar laifuffuka ta nan dabam take da ta gida. Arewa na aiki da Final Kod tun 1960, jihohin Kudu kuwa da Kiriminal Kod, wadda asalinta ke komawa 1916. A ƙarƙashinta duka kawai na iya jawo ɗaurin shekara 1, duka da jin ciwo shekara 3, mummunan rauni kuwa shekara 7. Fita da makami a bainar jama'a ba da wani dalili ba, har a tsorata mutane, shekara 2 ne. Bindiga ta fi tsanani: ko ta toka ce ta farauta sai da lasin, kuma dokar 1984 ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba izini.

Daga kotun Majistare ƙara na tafiya Babbar Kotun jiha, galibi cikin kwana 30. Daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976 kuma take da reshe a Inugu da Fatakwal, kwana 90 ne. Zuwa Kotun Ƙoli kuma kwana 30. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da hujja mai ƙarfi, kotu na iya ba shi, tana iya hana shi.

Abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne suna tsammanin za a sake shari'ar daga tushe. Ba haka ba ne. Alƙalan sama takardu suke dubawa, wato abin da Majistare ya rubuta. Abin da bai shiga rubutu ba, da wuya a saurare shi.

A nan ne maganar tafinta take da nauyi. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole a gaya wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. A farkon shekarun 1960, a shari'ar Ajayi da En'e ta Zariya, an soke hukunci saboda an yi shari'ar da Hausa, waɗanda ake tuhuma ba su ji, fassarar da aka yi musu kuma ba ta da kyau. Haƙƙin da ya ceci mutumin Kudu a Zariya shi ne na Bahaushe a Anacha. Amma a 1983, a shari'ar Gwonto, Kotun Ƙoli ta ce wajibin wanda ake tuhuma ne, ko lauyansa, ya gaya wa kotu ba ya jin harshen. In ya yi shiru, ba zai zo daga baya ya kafa hujja da rashin tafinta ba.

Saboda haka 'yar Turancin kasuwa ba ta isa a shiga kotu da ita ba. Kunya ko ladabi kan sa mutum ya riƙa gyaɗa kai yana cewa "e" ga abin da bai fahimta ba, sai a rubuta ya amsa laifi. Wanda kuwa ya amsa laifi, yawanci tsananin hukuncin kaɗai zai iya ƙalubalanta. Gara ya buɗe baki tun ranar farko ya ce Hausa yake ji, ya roƙi a rubuta.

Haka nan batun wuƙar. In ta sana'a ce, ta fawa ko ta yankan tsire, a faɗa a gaban Majistare, a kawo shaidu. In kare kai aka yi, shi ma a faɗa tun a nan.

Ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, aikinku ya fi ƙarfin kai abinci gidan yari. Ranar da aka yanke hukunci a nemi kofinsa, don tsarin mulki ya ce a ba da shi cikin kwana 7. A sami lauya nan da nan. In babu hali, akwai Hukumar Ba Da Taimakon Lauya Kyauta, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don marasa galihu. Lauyan na iya neman beli kafin a saurari ƙarar, ko da yake ba kullum ake samu ba.

A fara ƙidayar kwanakin daga ranar hukunci. Allah ya tsare mu da tsautsayi a baƙon wuri, amin.