Zaman Malaman Dagel: Karatu, Zumunci da Fara'a

Daga Bana, in mutum ya ƙetare iyaka ya nufi gabas, zai kai ƙasar Sakkwato. A can akwai wani ƙauye mai suna Dagel. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna har shekarar 1804. An haife shi a Maratta, cikin Nijar ta yau, a 1754.

Dagel ba birni ba ne. Ƙauye ne na malamai da makiyaya. Amma almajirai daga nesa suke zuwa. Shehu ba shi kaɗai yake ba. Akwai ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya ya zauna Gwandu. Akwai ɗansa Muhammadu Bello. Akwai amininsa Umaru Alkammu. Tare suke karatu, tare suke yawon wa'azi. In tafiya ta raba su, sai su aika wa juna takarda, sau da yawa cikin waƙa.

Dukiya ba ta yi musu yawa ba. Ana ba da labari cewa Shehu igiya yake tufkawa da hannunsa don ya samu abin masarufi. Bello ya rubuta cewa in mahaifinsa ya fito wurin jama'a, da murmushi yake gaishe su kafin ya fara magana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mata ma ba a bar su baya ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, an haife ta a 1793. Babbar ƙawarta A'ishatu ce, ɗiyar Alkammu, matar Bello. Wato zumuncin iyaye ya gangaro kan ɗiya. Da A'ishatu ta rasu, Nana ta yi mata waƙar ta'aziyya.

Nana ce ta kafa 'Yan Taru. Da rani, matan ƙauye sukan taho da ƙafa, jaji na gaba da malfa a ka. Sukan kawo zuma, man shanu da hatsi. Su koma gida da waƙoƙin karatu a baki, su koya wa 'yan'uwa.

Igiya, zuma, gaisuwa da fara'a: babu wanda ya fi ƙarfin manomi ko makiyayi. An gama girbi, dare ya yi tsawo. Wanda ya san baƙi ya nemi wanda bai sani ba, su zauna tabarma ɗaya. Zumunci a ƙafa yake.