Hasken Taurari Tsohon Labari Ne

Duk wanda ya ɗaga kai da daddare ya dubi Kaza da 'Ya'yanta, ba halin da suke ciki yau yake gani ba. Hasken da ke shiga idonsa ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, tun da sauran fiye da ƙarni ɗaya da rabi a haifi Shehu Usman Ɗanfodiyo.

Dalili kuwa, shi ma haske matafiyi ne. Yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sararin samaniya ya fi ƙarfin wannan gudun. Daga rana zuwa nan, minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi yake yi. Daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, sai ya share shekara huɗu da ɗoriya. Shi ya sa masana ke auna nisa da shekarar haske, wato tazarar da haske ke ci a shekara.

To, wa ya je ya auno? Babu. Miƙe babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya: za ka ga kamar yatsan ya gusa. Haka tauraro na kusa yake ɗan gusawa in aka dube shi yau, aka sake dubawa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya ɓangaren rana. Da wannan dabara Bajamushe Friedrich Bessel ya fitar da nisan wani tauraro a 1838. Gusawar ba ta taka kara ta karya ba, sai da madubin hangen nesa mai kyau da haƙurin gaske.

Ana yawan cewa taurarin da muke gani sun daɗe da mutuwa. Zancen da daɗin ji, amma akwai ƙarin gishiri. Galibin waɗanda ido ke gani ba su wuce nisan 'yan dubban shekarun haske ba, alhali tauraro kan rayu miliyoyi ko biliyoyin shekaru.

Tsohon haske na gaske sai a Andromeda, wani gungun taurari mai zaman kansa, wanda Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa yana waje da gungun da ranarmu take ciki. A ƙauyen da babu hasken lantarki ana iya hango shi dushi-dushi da ido, kuma haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya.