Noman Inabi: Abin da Rano da Kibiya Za Su Auna Kafin Su Kafa Rumfa

A 'yan shekarun nan rumfunan inabi sun yawaita a Arewa, musamman a ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, inda manoman Hunƙuyi da kewaye suka yi suna. Duk manomin Rano ko Kibiya a Jihar Kano da ya ji kuɗin da ake sayar da kwali ɗaya, dole ransa ya biya.

Dalilin bunƙasar a fili yake. Inabin da ake gani a manyan kantuna akasari daga Afirka ta Kudu da Masar yake zuwa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ya ƙara tsada, sai na gida ya samu kasuwa. Yanayinmu ma ya karɓe shi: busasshiyar iskar hunturu da sanyin dare suna sa 'ya'yan su nuna da zaƙi. Manoman Nashik a Indiya sun daɗe da nuna cewa inabi yana yi a ƙasa mai zafi, muddin an iya datse rassansa a kan lokaci, yadda zai yi 'ya'ya da rani. Ga kuma ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da Ruwan Kanya suna nan kusa, ko da yake gonar da ke nesa da magudanai, kamar yawancin na Kibiya, sai dai rijiyar burtsatse.

Amma inabi ba tumatir ba ne. Yana cin jari tun kafin ya ba da komai: turaku, waya, famfo, taki, da jiran fiye da shekara. Da damina cutar ganye ba ta raga masa, sai an dage da feshi. Idan ya nuna kuma tsuntsaye su far masa. Shi ya sa nake fargabar cewa mai kuɗi daga birni ne zai fi cin moriya, ya saye gonar gado, mai ita ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Gaskiya ne aikin rumfa zai iya riƙe samari a gida, su rage fita cin rani, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Babbar matsalar tana bayan girbi. A Faransa, yankin Chablis ya yi fice da farar giyar da ake yi da inabin Chardonnay, kuma tun 1938 doka take kare sunan yankin, don kada wani waje ya ara. Manomin can ba ya tsoron ruɓewa, domin abin da ya matse yakan yi shekaru a ajiye, sunan ƙasarsa kuma yana ƙara masa daraja. Mu wannan ƙofar a rufe take, kuma haka ya dace: addini ya haramta giya, Kano ta ɗauki shari'ar Musulunci a 2000, Hisbah kuma tana fasa kwalabe a bainar jama'a. Saboda haka manominmu ɗanye zai sayar, cikin 'yan kwanaki. Idan gonaki suka nuna lokaci guda, aka cika kasuwar 'Yan Lemo da kaya, dillali ne zai yanka farashi, mai kaya kuwa ba shi da bakin musu.

Mafita ta halal ita ce zabibi da ruwan inabi marar maye, da ɗakin sanyi na haɗin gwiwa. Hunturun da ke nunar da inabin zai iya busar da shi ya zama zabibi. Sai dai zabibi mai kyau yana son iri marar ƙwallo, kamar Thompson Seedless, don haka tun ranar sayen dashe ya kamata manomin Rano ya san wa zai sayar wa, kuma a wace siffa.